MASU CEWA FILI BA YA FAƊUWA, KU ZO MU YI LISSAFI



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun Gadaka, har yara sun haddace ta: wai fili ba ya faɗuwa, ƙasa ba ta ruɓewa, wanda ya sayi fuloti ya ɓoye kuɗinsa inda ɓarawo ba ya kaiwa. Da wannan magana ake raba iyalai da gonakin gado na bakin gari, a zo da igiya da turaku a yayyanka su, a sayar wa mutanen da ba su da niyyar aza ko bulo ɗaya. Da ita ake sa ma'aikaci ya ci bashin banki a kan albashinsa, a sa mai kiwo ya sayar da shanun huɗa, a sa mace ta kwashe kuɗin adashenta. Mu a ƙungiyance muna cewa maganar nan ƙarya ce, kuma masu yaɗa ta su ne masu cin la'ada a kanta. Fili yana faɗuwa. Ya faɗi a garuruwan da suka fi namu kuɗi nesa ba kusa ba, ya kuma taɓa faɗuwa a nan jiharmu, a gaban idonmu.

Mu fara da nesa, domin masu wannan magana suna son kawo misali da ƙasashen Turawa da Dubai.

A Amurka akwai birane na yankin zafi da hamada, irin su Las Vegas a jihar Nevada da Phoenix a jihar Arizona, da garuruwan jihar Florida. Mutane sun yi ta ƙaura zuwa can daga arewacin ƙasar mai sanyi, saboda rana da arhar ƙasa. Gundumar da Las Vegas take ciki tana da mutum wajen 740,000 a 1990, zuwa 2010 sun kusa miliyan 2. Aka dinga share daji ana jera gidaje. Bankuna suka dinga ba da bashin sayen gida har ga wanda ba a binciki abin da yake samu ba, domin kowa ya yarda cewa ko ya kasa biya, gidan zai ƙara daraja a sayar a fanshe. Direban tasi ya sayi gida biyu, ma'aikaciyar otal ta sayi uku, ba don su zauna ba, sai don su sayar wa wanda zai zo bayansu. Ɗaya daga cikin manyan sana'o'in garin ta koma ginin gidaje domin masu zuwa aikin ginin gidaje.

A 2006 farashi ya tsaya. Waɗanda suka saya don su sayar suka fito kasuwa lokaci guda, babu mai saye. A ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arzikin duniya ya girgiza. Kafin ƙura ta lafa, gidaje a Phoenix sun rasa fiye da rabin darajarsu, a Las Vegas kuwa faɗuwar ta kai wajen kashi 60 cikin 100. Rashin aikin yi a Nevada ya kai kusan kashi 14 cikin 100 a 2010, ya fi na kowace jiha a ƙasar. Aka ƙwace gidaje, unguwanni suka zama kufai, tafkunan wanka na cikin gidajen da aka bari suka koma kududdufin sauro. Biranen da suka fi saurin girma su ne suka fi jin jiki, domin girman nasu a kan gini da bashi ya tsaya, ranar da gini ya tsaya komai ya tsaya.

Dubai ma haka. A 2009 farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin Dubai World, mallakin gwamnati, ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan bashin dala biliyan 25 da wani abu, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Ma'aikata baƙi suka dinga barin motocinsu a filin jirgi suna tserewa daga bashi. Dogon benen nan da aka fara da sunan Burj Dubai, da aka zo buɗe shi a Janairun 2010 sunan sarkin Abu Dhabi aka sa masa, Burj Khalifa. Dubai tana da maƙwabciya mai rijiyoyin mai da za ta cece ta. Mu wa zai cece mu?

Mun san amsar da dillalai za su bayar, domin mun sha jin ta. Za su ce can bashin banki ne ya jawo, mu kuwa da kuɗi hannu muke sayen fili, babu bankin da zai zo ya ƙwace. Gaskiya ne ba mu da tsarin bashin gida irin nasu. Amma wannan bai hana faɗuwa ba, kamanninta kawai ya sauya. A wajenmu faɗuwar fili ba ta zuwa da sanarwa a rediyo. Tana zuwa ne ranar da matarka take kwance a asibiti ana neman kuɗin aiki, ka kira dillalin da ya rantse maka cewa fulotin nan ko gobe ka so za a saya, ya ce maka kasuwa ta yi sanyi, Alhaji, sai dai a karya. Farashin da ake faɗa a majalisa yana nan daram, amma babu mai ƙirgo kuɗi. Kadarar da ba za ka iya sayarwa ranar buƙata ba sai da asarar rabi, ta faɗi, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu bashi a ciki. Ma'aikacin da ya karɓi rance a kan albashi ya sayi fuloti, duk wata ana zare masa kaso da ruwa, fili kuwa yana can ciyawa na fitowa a kansa, shi me ya bambanta shi da mutumin Phoenix? A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma suna ɗora nasu a kai. Wane fuloti ne a bayan gari yake ƙara daraja haka duk shekara?

Mu dawo gida. Wa ya manta 2012? A watan Mayu aka kai hari kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, aka kashe mutane da dama. Hare-hare suka ci gaba, aka sa dokar hana fita, a watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. 'Yan kasuwa da ma'aikata suka kwashe iyalansu suka bar Potiskum da Damaturu. Duk wanda yake da hankalinsa a lokacin ya san yadda gidaje suka zauna a kulle babu ɗan haya, ya san yadda masu gudu suka dinga sayar da gida da fili a kan abin da ya samu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, kada Ya maimaita mana. Amma a wancan lokaci ina masu cewa fili ba ya faɗuwa suke? Wasunsu su ne suka saye a wulaƙance, yau su ne suke sayar mana da tsada.

Bayan wannan sai 2016. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗi ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, Najeriya ta shiga karayar tattalin arziki, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke samu daga Abuja ya ragu. Garuruwanmu kuwa da wannan kaso suke numfashi: albashi ya shigo, mai shago ya yi ciniki, birkila ya samu aiki. A 2020 aka sake shiga karaya tare da kullen korona. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai dabba da mai hatsi suka dinga sayarwa a karye don su ga tsaba a hannu. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati take sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Cikin shekara goma sha biyu an girgiza mu sau nawa? Kowace girgiza kangon da aka tsaya a linta ta bari a bayan gari, ku zaga ku ƙirga.

Yanzu ga lissafin da muka yi alkawari. A ɗauka, don misali, mutum ya sayi fuloti naira miliyan 1 a 2022, yau an taya miliyan 1 da rabi. Zai yi ta murna ya ci ribar dubu 500. To a 2022 buhun siminti bai wuce naira 4,000 zuwa 4,500 ba, wato miliyan ɗayansa za ta sayi buhu fiye da 220. A farashin 2025, da buhu yake wajen naira 10,000, miliyan ɗaya da rabinsa buhu 150 za ta saya. Lamba ta ƙaru, dukiya ta ragu. A cire la'adar dillali ta saye da ta sayarwa, a cire kuɗin takarda da na shaidu, a cire abin da ya kashe yana kewaye wurin don kada a sayar wa wani. Riba ce wannan ko asara ce da ta sa babbar riga? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Duk filin da bai ƙara daraja da haka ba a wannan shekara, mai shi baya ya ci.

Wanda ya sayar da gonar fa? Shi nasa lissafin ya fi ban tausayi. Gona tana haihuwa duk shekara: gero, dawa, wake, gyaɗa, harawa da karmami na dabbobi, ta fadama kuwa ta ba ka rani da damina. Kuɗin gona ba ya haihuwa. An raba shi ranar da aka karɓa, wannan ya sayi babur, wancan ya ƙara aure, wani ya biya bashi, bayan shekara biyu babu kuɗin babu gonar, magidanci ya koma aron gona ko ƙwadago a gonar wani. Mun yarda noma ya yi wuya, taki ya yi tsada, kuma a kakar 2025 farashin hatsi ya karye har manoma da yawa ba su mayar da abin da suka zuba ba. Amma shekarar da noma ya ba da kunya ita ce mafi munin shekarar sayar da gona, domin a lokacin ne mai saye yake taya ka yadda ya ga dama. Farashin masara yana sauka ya hau. Gonar da ta tafi ba ta dawowa.

Akwai kuma waɗanda ba a tambaya. Gonar gado ba ta babban wa kaɗai ba ce. Akwai rabon 'yan uwa mata da suke gidajen aure, akwai na marayu da ba su balaga ba, akwai na matan mamaci. Sau da yawa ana gama ciniki a zaure, a aika musu da abin da aka ga dama a ce ga rabonku. Wannan cin haƙƙi ne, kuma shi ne yake cika kotuna da shari'ar fili, yake raba zumuncin da aka gada kaka da kakanni. Malamanmu sun sha yin bayani a kan haramcin cin dukiyar maraya, da haramcin tayin ƙarya, inda ake turo wani ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba sai don a ruɗi mai saye na gaskiya. Duk wanda ya san kasuwar filaye ya san ana yi. Fuloti ɗaya ya zaga hannun mutum huɗu 'yan gida ɗaya cikin wata shida, kowane zagaye a ƙara masa kuɗi, sannan a kira ɗan garin da yake aiki a Abuja a ce yi sauri kafin ya ƙara tashi.

Sai kuma abin da ya fi damunmu a matsayin al'umma, wato awon igiya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 470 ba. Idan aka fitar da titi da magudanar ruwa yadda ya kamata, hekta ba za ta ba da fiye da fuloti 15 ko 16 ba. Mai igiya kuwa 20 yake so ya fitar, saboda haka titi ya koma lungun da motar ɗaukar mara lafiya ba za ta shiga ba, magudana babu, filin makaranta babu, na maƙabarta babu, burtalin shanu an haɗa an sayar. Da rani ake yin awon, lokacin da ko'ina ya bushe, kwari da tudu duk ɗaya suke a ido. Sai watan Agusta ruwa ya zo ya nemi hanyarsa ta asali. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a sassan Yobe, mun ga Maiduguri a ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mu da muke zaune kusa da kogin Ngeji ba sai an yi mana wa'azi a kan ruwa ba. Fadamar da take ciyar da mu ita ce kuma take shanye ruwan da zai shigo mana gida. Wanda ya yanka ta fuloti ya sayar da abincinmu da kariyarmu a ciniki ɗaya.

Za a ce gari yana girma, yara suna aure, dole a yi gidaje. Haka ne, kuma ba mu ce kada a yi ba. Wanda ya sayi fili don ya gina ya zauna da iyalinsa, Allah Ya ba shi ikon ginawa. Rigimarmu da masu saye su jibge ne, waɗanda suke sa fili ya fi ƙarfin saurayin da yake son ya yi ɗaki biyu, alhali filayen suna nan a kewaye babu kowa sai macizai da masu shaye-shaye. Girman gari na gaskiya ana gane shi da sana'a, da kasuwa, da ruwan sha, da makaranta mai malamai. Idan turaku ne kawai suke ƙaruwa, ba gari ne yake girma ba, igiya ce take tsawo.

Za a kuma ce akwai abin da yake tafe: za a yi sabuwar hanya, za a kawo babbar makaranta, za a dawo mana da ƙaramar hukuma. Muna fatan alheri kamar kowa, kuma muna cikin masu neman waɗannan abubuwa. Amma dattawanmu suna raye, a tambaye su. An taɓa yin ƙaramar hukumar Gadaka a zamanin Shehu Shagari, sojoji suka soke ta bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983. Abin da takarda ta bayar, takarda tana iya karɓewa. Ko a Maiduguri da Damaturu, hayar da ta yi tashin gwauron zabi saboda ƙungiyoyin agaji a kan kuɗin wasu ƙasashe ta dogara, kuma a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje da sa hannu ɗaya. Kada mutum ya zuba dukiyar 'ya'yansa a kan jita-jita.

Game da faɗuwar naira kuwa, mun yarda ajiye kuɗi a asusu asara ne. Sai dai fuloti ba shi kaɗai ne mafita ba. Tunkiya tana haihuwa, kuma ranar kasuwa za ka sayar da ita kafin la'asar. Injin ban ruwa yana dawo da kuɗinsa. Gonar da kake nomawa ita ma ƙasa ce, darajarta tana bin zamani, kuma tana ciyar da kai kafin nan.

Saboda haka muna kira kamar haka.

Na ɗaya, ga iyayenmu masu unguwanni, dagatai da hakimai, da Masarautar Gudi baki ɗaya, cikin ladabi da biyayya: kada a sa hannu a takardar cinikin gonar gado sai duk magada sun bayyana ko sun wakilta, mata da maza, kuma a tabbatar da wanda yake tsaya wa marayu.

Na biyu, a haramta yanka fuloti a fadama, da hanyar ruwa, da burtali. A zaga da dattawan da suka san inda ruwa yake bi a kafa alama, kowa ya sani.

Na uku, ga ƙaramar hukumar Fika da hukumar YOGIS mai kula da filaye a jiha: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a yankunan karkara. A yi amfani da wannan iko a fitar da tsarin unguwanni mai titi da magudana da filin makaranta kafin a sayar, ba sai an gina an zo rusau ba.

Na huɗu, dillalai su yi rajista, a san su, a san la'adarsu, wanda aka kama ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu a hana shi sana'ar. Akwai masu amana a cikinsu, kuma su ne za su fi amfana idan aka tsarkake harkar.

Na biyar, ga 'yan uwanmu na waje: kada ku sayi fili ta waya da hoto. Ku zo da kanku cikin damina ku tsaya a kansa bayan an yi ruwa. Ku tambayi maƙwabtan gonar, ku nemi ganin magada. Kuma ku tambayi kanku tsakani da Allah: idan na tashi sayarwa, wa zai saya, da wane kuɗi?

Mun san wannan rubutu zai ɓata wa wasu rai, har da 'yan uwa da abokai. Ba mu ambaci sunan kowa ba, kuma ba mu da gaba da kowa. Amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda yake da hujjar cewa fili ba ya faɗuwa, ga shafi nan a buɗe, ya kawo lissafinsa kamar yadda muka kawo namu, da buhun siminti da buhun gero, ba da rantsuwa ba. Za mu gabatar da waɗannan buƙatu biyar a taron ƙungiya mai zuwa, kuma muna roƙon duk wanda yake da gonar gado a bakin gari ya halarta, ya zo da 'yan uwansa.

Allah Ya tsare mana gonakinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Gadaka da jihar Yobe lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin shugabanni da mambobi.